Gudumar Baba Dachung

Da asuba, sanyin Bukuru na cizon yatsu,
na bi Baba Dachung, guduma a hannunsa kamar sanda.
Shekara talatin da ɗaya yana taka layin dogo,
ni kuwa wata biyu, sabon takalmi, sabuwar takarda.

Ya ce, "Ɗanjuma, rufe littafin nan tukuna.
Ƙarfe na magana, sai dai ba ya ɗaga murya.
Buga nan." Na buga, ya amsa tar kamar ƙararrawa.
"Buga can." Na buga,
sai na ji kamar an ƙwanƙwasa fasasshiyar randa.

Ya durƙusa, gwiwarsa na ƙara,
ya sa farce ya ɓamɓaro tsatsa kamar ƙanzon tukunya.
"Rabonta da fenti tun ina da baƙin gashi.
Tsatsa ba ta gaggawa, ba ta hutun Lahadi,
loma-loma take cin gada."

Muka gangara inda rafi ya yi ja
da lakar tsofaffin ramukan kuza.
Ga sawun tifa har gindin ginshiƙi.
An kwashe yashi, an kai gari an tada bene,
an bar tushe a waje kamar haƙorin tsoho.
"Ruwan Agusta in ya taso," in ji shi,
"ba ya tambayar wa ya haƙa, ba ya neman shaida."

Noti takwas ya bari a nan bara.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa: biyar.
Uku sun tafi kan sikelin 'yan gwangwan,
kuɗinsu bai kai na kwanon gwate ba.
Wanda ya kwance su, wataƙila innarsa ce a taragon gaba.
Abin da aka sayar da arha, shi ne mai tsada.

Sau huɗu ya rubuta wa ofis.
An ce kasafi, an ce a bari damina ta wuce.
Shi ko ruwa bai taɓa jin sunan kasafi ba,
kuma ba ya jiran a sa hannu a yarda.

Akwai wata tsaga da yake aunawa da tsinken tsintsiya.
Makon jiya da ƙyar tsinken ya shiga.
Yau, bayan ruwan daren jiya,
babban yatsansa ya shige har gaɓa guda.

A nan muka ji kukan jirgi daga wajen Kuru,
mai kayan siminti, an loda masa fiye da ƙa'ida.

Bai yi ihu ba. Ya miƙo jan tuta.
"Kai ke da ƙafa."
Na zura, tsakuwa na zamewa, takalmi ɗaya ya fita,
ina kaɗa tuta, ina kiran sunan Allah,
birki ya yi kururuwa, ƙarfe ya fesa wuta,
ya ja, ya ja,
ya tsaya ina jin zafin hancinsa a goshina.

Direba, Malam Ila, ya sauko da zagi a baki.
Baba ya kama hannunsa ya kai shi ƙasa.
Ya sa nasa yatsan a tsagar.
Ya cire hula. Bai ƙara ko kalma guda.

Daga baya injiniyoyi sun zo da ma'auni,
an jera duwatsu cikin raga a gindin ginshiƙi,
an ɗaure noti, an shafa fenti,
an kafa allo: rage gudu, rage kaya.
Mai unguwa ya kori tifa daga rafin.
Duk abin da Baba ya rubuta ne, sau huɗu, a takarda.

Babu jaridar da ta buga, don ba a mutu ba.
Hatsarin da aka tare ba shi da labari.

Baba ya yi ritaya, yana noman dankali a Vwang.
Gudumar na hannuna, ƙotarta ta yi santsi.
Kullum asuba ina bugawa, in kasa kunne,
in jira abin da za ta faɗa mini, gada.